Yadda Ake Rage Doguwar Rigar Biki Idan Ta Yi Yawa

Rigar biki takan yi wa mace yawa ta hanyoyi da dama. Wata daga Dubai ko Turkiyya aka aiko mata, wanda ya saya da ka ya zaɓi lamba. Wata a cikin lefe ta zo. Wata kuma tela ne ya yi aiki da tsohon awo, ita kuwa ta faɗa bayan azumi ko bayan yaye. Lambobin da ke wuyan riga ma ba bakinsu ɗaya ba: lamba 12 ta Ingila ita ce 8 ta Amurka, kuma kusan 40 ce a lissafin Turai da Turkiyya ke bi. Tsakanin lamba da mai bi mata akwai kimanin inci 2 a zagayen jiki, don haka kuskuren lamba biyu ya isa ya sa riga ta riƙa yawo a jikinki.

Ragi ya fi ƙari sauƙi nesa ba kusa ba, tunda yadin yana nan. Abin da ke lalata riga shi ne saurin ɗaukar almakashi. A wannan aiki almakashi ne na ƙarshe. Za ki auna, ki kama da fil, ki yi ɗinkin wucin gadi, ki gwada, ki ɗinka, ki sake gwadawa, sannan ki yanka, idan ma yankan ya zama dole. Kuma daga sama ake farawa a gangaro: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, kwatangwalo, tsawo a ƙarshe, domin duk abin da kika taɓa a sama sai ya motsa na ƙasa.

Fara da juya rigar baibai

Shimfiɗa ta a kan tebur ko tabarma mai tsabta ki ga yadda aka gina ta. Akwai ɗinki a ƙugu da ya haɗa sama da ƙasa, ko a miƙe take? Zif ɗin a baya yake ko a gefe? Tana da shafi a ciki, wanda teloli ke cewa layinin? Idan tana da shi, a sake yake ko an haɗe shi da yadin waje an ɗinke su tare? Akwai dat a gaba da baya, wato ɗan ninkin da ake ɗinkewa ya ƙare da tsini don riga ta bi jiki, ko kuwa irin mai yanka-yanka ce da ɗinki ke saukowa ta kan ƙirji har ƙasa? Amsoshin nan su za su nuna miki inda za ki shiga.

A nan ne kuma za ki yanke shawarar ko aikin na gida ne. Ragin da bai wuce inci 4 a zagaye ba, wato lamba ɗaya ko biyu, ana yin sa a ɗinkunan da ke akwai. Ya wuce haka, wuya da kafaɗa da ramin hannu duk za su kasance na babbar mace ko da kin matse gefe, sai dai a warware rigar gaba ɗaya a sake yankawa. Haka rigar da aka yi wa saman koset mai ƙarafa ko robobi a ciki, da wadda aka lulluɓe da duwatsu daga wuya har ƙasa. Irin waɗannan, da muguwar rawa gara ƙin tashi: ki kai wa wanda ya saba da su.

Idan atamfa ce ko wani yadin auduga da ba a taɓa wankewa ba, wanke ta ta bushe tukuna, don auduga kan ɗan shige a wankin farko. Shadda kuwa kar ki kai ta ruwa saboda gyara, ƙyallinta zai tafi.

Kayan aikin ba su da yawa: tef, fil masu siririn baki, alli ko guntun sabulu da ya siranta, zare mai kalar rigar, wani zaren mai kala daban na wucin gadi, allurar hannu, reza ko abin farke ɗinki, almakashi mai kaifi, dutsen guga da farin ƙyalle. Keken ɗinki na gida irin Butterfly ya wadatar. Sa masa sabuwar allura: lamba 9 ko 11 ga shifon da satin da leshi mai laushi, lamba 14 ga atamfa da shadda. Tsohuwar allura mai dakusasshen baki tana jan zaren yadi, kuma a yadin satin wannan tabon ba ya fita. Sai mutum ɗaya da za ta taya ki, domin ba mai iya kama bayan rigarta da kanta.

Awo da lissafi

Sa rigar mama da siket ɗin ciki da za ki sa ranar bikin, a auna ki a kansu. Wuri uku: ƙirji inda ya fi cika, ƙugu inda jiki ke lanƙwasa idan kin karkata gefe, kwatangwalo inda ya fi faɗi. Tef ya kwanta, kada ya nutse a jiki. Sannan ki auna rigar a shimfiɗe a wuraren nan uku, daga ɗinkin gefe zuwa ɗinkin gefe, ki ninka biyu.

Ba daidai da awon jiki ake mayar da riga ba. Yadin da ba ya miƙewa yana bukatar sarari: kamar inci 2 a ƙirji, inci 1 a ƙugu, inci 2 a kwatangwalo. Wannan shi ne mafi ƙaranci, na mai son riga ta kama ta. Mai son sakewa ta ƙara.

Ga misali. Jikinki ƙirji 38, ƙugu 32, kwatangwalo 42. Rigar kuwa 43, 37, 46. Abin da ake nema shi ne 40, 33, 44. Ke nan za a cire inci 3 a ƙirji, 4 a ƙugu, 2 a kwatangwalo.

A nan mutane da yawa ke tafka kuskure. Riga tana da gefe biyu, kowane gefe kuma yadi biyu ne, na gaba da na baya. Duk abin da kika shiga daga tsohon ɗinki, sau huɗu yake fita daga zagayen riga. Saboda haka raba huɗu za ki yi. Inci 3 na ƙirji ya zama kashi 3 cikin 4 na inci a kowane gefe. Inci 2 na kwatangwalo ya zama rabin inci. Wadda ta ga riga ta yi mata yawa da inci 4 ta shiga inci 2 a kowane gefe ta cire inci 8, zif ma ba zai rufu ba.

Ƙugu kuwa ina ba da shawarar kada a ɗora wa gefe shi kaɗai. Idan kin ɗebe inci 4 duka daga gefe, rigar za ta lotsa a haƙarƙari, bayanta kuma ya ci gaba da yin jaka a saman ɗuwawu. Raba nauyin: rabin inci a kowane gefe ya ba ki inci 2, sannan dat huɗu, biyu gaba biyu baya, ki zurfafa kowanne da kwatan inci, su ma su ba ki inci 2. Haka riga ke bin jiki ta kowace fuska.

Gwaji a jiki

Lissafi jagora ne kawai, jiki ne zai tabbatar. Sa rigar, a rufe zif. Idan ba ta da shafi kina iya sa ta baibai, ya fi sauƙin kamawa. Mai shafi ko mai duwatsu a sa ta daidai, a kama daga waje, daga baya a mayar da alamar ciki. Mai taya ki ta tsaya a bayanki ta kama gefe biyu lokaci ɗaya, ta jera fil a tsaye suna kallon ƙasa, tazarar yatsu uku tsakaninsu. Ta riƙa duba cewa tsakiyar gaba da layin zif ba su karkata ba.

To, sai gwajin da na fi damuwa da shi, wanda madubi ba ya nunawa. A gidan biki ba tsayuwar hoto kaɗai ake yi ba. Za ki durƙusa ki gaida manya, za ki zauna a kan darduma, lokacin salla zai riske ki. Don haka da fil ɗin a jiki, a hankali, ki zauna a kujera, ki durƙusa, ki yi ruku'u, ki ɗaga hannu biyu kamar za ki gyara ɗaurin kallabi. Ki gwada naɗe hannun rigar ya wuce gwiwar hannu, domin hannun da aka matse har ya ƙi hawa zai hana ki alwala sai kin tuɓe. Duk inda yadi ya ja ya yi layuka a kwance, wurin ya matse, a sassauta fil. Inda ya yi ninki a tsaye, akwai sauran yawa.

Kafin a cire fil, a shafa alli a kan layinsu ta ciki. A yadin da alli ba ya kamawa, kamar leshi mai huji, a ratsa zare mai kala daban da allurar hannu. Sai ki ninka rigar biyu ki daidaita alamun dama da na hagu, ki haɗa su da layi mai santsi wanda ba shi da kusurwa.

Kafaɗa

Idan wuya yana buɗewa, dat ɗin ƙirji ya sauka ƙasa da inda ya kamata, ɗinkin ƙugu kuma ya zauna a kan kwatangwalo, to saman rigar ne ya yi miki tsawo. Kama ɗinkin kafaɗa ki ɗaga sama ki gani. Sau da yawa rabin inci a nan yana gyara abin da kika zaci na gefe ne, shi ya sa ake farawa da shi. Farke kan hannun rigar kamar inci 3 gaba da baya, farke bakin wuya daidai wurin, ki ɗinka sabon layin kafaɗa, ki mayar da hannu. Ramin hannun ya ragu da inci 1 ke nan, kan hannun zai ɗan fi shi yawa. Ratsa dogon ɗinki a bakinsa ki ja zaren kaɗan ya tattaru, ki baza tattarar da yatsa har ta ɓace.

Idan kuma kafaɗar ce ta yi faɗi, ɗinkin hannu ya zubo ƙasa da ƙashin kafaɗa, sai a cire rabin hannun na sama a shigo da shi ciki zuwa kan ƙashin. Kada a wuce rabin inci zuwa inci 1.

Gefe, hammata da ƙugu

Nan ne gundarin aikin. Kada ki ɗora keke daga hammata ki zarce har ƙasa a kan komai, ko da yake za ki ga masu gaggawa suna yi. Wurare biyu ne sai an buɗe su tukuna.

Na farko ƙarƙashin hammata, inda ɗinkin hannu da na gefe suka gamu. Farke ɗinkin da ya zagaye ramin hannu kamar inci 2 ta kowace fuska. Abin da kika cire a gefen riga daidai hammata, shi za ki cire a ɗinkin ƙarƙashin hannu, in ba haka ba ba za su sake haɗuwa ba. A misalinmu kashi 3 cikin 4 na inci ne: fara da shi a hammata, ki riƙa fita a hankali har ki koma kan tsohon ɗinki wajen gwiwar hannu.

Na biyu ɗinkin ƙugu. Farke shi daidai gefe da daidai kowane dat, yadda za ki rage sama daban, ƙasa daban. Sharaɗin shi ne su ragu daidai wa daida, ɗinkin gefe na sama ya faɗa kan na ƙasa, dat ya kalli dat. Idan ƙasan rigar mai tattara ne, kin huta: ƙara tattarar kawai ta shige sabon ƙugun.

Wajen farkewa, ja yadin biyu ki ga zaren a tsakani, ki taɓa shi da bakin reza ɗaya bayan ɗaya. Ba a jan reza a tsawon ɗinki. A leshi da shifon ma gara a tsince zaren da bakin allura.

Yanzu ki bi layin allinki da ɗinkin wucin gadi, da hannu ko da keke a mafi tsawon taku. Ki bar tsohon ɗinkin gefe yadda yake, ki sa rigar ki maimaita zama da durƙuso. Ya yi? Sai ki mayar da keke taku na yau da kullum, kimanin milimita 2 da rabi, ki ɗinka daf da zaren wucin gadin, daga sama zuwa ƙasa a gefe biyun. Inda sabon ɗinki zai koma cikin tsoho a ƙasan kwatangwalo, ba shi tazara mai tsawo, inci 6 ko fiye, ya shige a kwance. Idan kin karyo shi da sauri zai bar ƙullutu a cinya wanda guga ba ta kwantarwa. Dat ma haka: zurfin a ƙugu yake, bakinsa ya ƙare siriri, a ƙulle zaren da hannu maimakon komawa baya da keke. Bakin dat ɗin gaba ya tsaya kamar inci 1 kafin tsinin ƙirji.

Rigar da ɗinki ke sauka ta kan ƙirji, mai yanka shida ko takwas, ta fi daɗin ragi, tunda ƙofofin shiga sun yi yawa. Ɗebi kaɗan-kaɗan daga kowane ɗinki, ki tuna kowanne ninki biyu yake bayarwa. Amma a daidai kan ƙirji kada ki taɓa na gaba sai idan can ne yawan yake.

Leshi da duwatsu

Keke ba ya taka dutse. Allura za ta karye, guntunta na iya tashi zuwa ido. Sai an share hanya: duk wani dutse ko ƙyalƙyali da ke kan sabon layin da cikin abin da za a ninke, a cire shi. Waɗanda aka jera a zare ɗaya su ne masu haɗari, don idan kin yanke zaren za su bi juna su zube har inda ba ki nufa ba. Dabarar ita ce a fasa dutsen da filaya, cikin ƙyalle saboda tartsatsi, a bar zaren lafiya. Idan kina son duwatsun, yanke zaren a tsakiyar wurin, zare su, ki ƙulle bakin zaren biyu ta ciki. Tara su a murfin kwalba. Bayan an gama ɗinki za ki ga ɗan fili a gefen layin, da su za ki cike shi da allurar hannu. Waɗanda aka manna da zafi kuwa, ɗumama bayansu da dutsen guga ta kan ƙyalle, sai su ɓanɓaru.

Leshi mai manyan furanni yana son kulawa ta daban. Ɗinki miƙaƙƙe yana raba fure biyu, rabin wannan ya haɗu da rabin wancan, ido kuma yana kamawa daga nesa. Idan rigar ta cancanci wahalar, rage yadin da ke ƙarƙashi da keke, leshin kuma ki yanka shi kina bin gefen furen, ki ɗora wannan ɓangare a kan wancan, ki ɗinke bakin furen da hannu da ƙananan taku, sannan ki datse rarar da ke ƙasa. Yana cin yini guda, amma ko ke sai kin lalubo wurin.

Shifon da satin kan zame a ƙarƙashin ƙafar keke. Sa siririyar takarda a ƙasansu ki ɗinka tare, ki yage ta daga baya.

Shafi da zif

Shafin da ke sake, riga ce ta biyu: duk abin da kika yi wa waje ki yi masa, a wuri ɗaya, da awo ɗaya. Kada ya fi na waje matsewa ko da kaɗan, don shi zai fara yagewa idan kin zauna. Idan an rufe shi ruf, nemi ɗinkin gefensa ki buɗe tsawon tafin hannu, ki jawo rigar ta nan, idan an gama ki rufe da hannu.

Zif na baya a bar shi, sai idan yawan a tsakiyar baya yake, kamar wuyan baya yana tashi daga jiki. Nan dole a cire shi gaba ɗaya a shigar da shi sabon layi, kuma a nan biyu ake rabawa ba huɗu ba, tunda ɗinki ɗaya ne. Zif na gefe ya fi ban haushi, amma kada ki rage ɗaya gefen kaɗai don guje masa. Gaban rigar zai karkace. Cire shi, rage gefen, ki mayar.

Tsawo

Sai an gama duk na sama ake zuwa nan. Idan ƙasan rigar mai baza ne, rataye ta ta kwana, domin wuraren da aka yanka a karkace suna saukowa da nauyinsu. Sa takalmin bikin, ki tsaya a daɓen da yake bai ɗaya kina kallon gaba. Mai taya ki ta auna daga ƙasa zuwa sama da rula, ta zagaye ki da fil. Daga ƙasa ake aunawa, ba daga ƙugu ba. Rabin inci zuwa inci 1 sama da daɓe ya isa ya rufe ƙafa ba tare da kin taka ba. Shafi ya gaza na waje da kamar inci 1.

Bakin leshi mai ado ba a yanke shi. Idan akwai ɗinkin ƙugu, farke shi duka ki ɗaga ƙasan rigar sama, rarar ta fita ta ƙugu. Wannan zai taɓa ƙarshen zif da faɗin kwatangwalo, don haka idan kin san za ki yi shi, haɗa shi da aikin ƙugu tun farko. Idan babu ɗinkin ƙugu, yanke adon bakin kina bin furanninsa, ki ɗaga shi zuwa sabon tsawon ki ɗinke.

Yanka da guga

Kin sa rigar, kin zauna, kin durƙusa, komai ya yi. Yanzu ne za ki farke tsohon ɗinkin gefe ki duba rarar da ke ciki. Idan ba ta wuce inci 1 da rabi ba kuma ba ta nunawa ta waje, bar ta, ki buɗe ta biyu da guga. Jikin mace yana canzawa da ciki da goyo, wannan rarar ita za ta ba ki damar buɗe rigar nan gaba. Idan ta yi kauri ko yadin shara-shara ne, datse ki bar inci 1, ki kai a yi wa bakin wibin, wato ɗinkin inji mai rufe bakin yadi, ko ki bi shi da ɗinkin zigzag don kada ya zare. A lanƙwasar ƙugu ki ɗan tsaga rarar wuri biyu ko uku, ba tare da kin kai ga ɗinki ba, don ta kwanta.

Guga ta ciki ake yi, da farin ƙyalle a tsakani, ana dannawa ana ɗagawa. Yawancin leshi da shifon na kasuwa zaren roba ne, zafi kaɗan ke narkar da su, sai a fara gwadawa a kan rarar ciki. Mai amfani da dutsen gawayi ta jira ya huce sosai, ta kuma kula da toka. Dat na tsaye a kwantar da su suna kallon tsakiya.

Rigar aro kuwa ba a farke ta, ba a yanka ta. Kama gefen ta ciki da ɗinkin hannu mai ɗan tsawo wanda za a zare bayan biki, ko ki ɗinka igiya biyu a gefen ƙugu ki ɗaure ta baya. A yadin satin ko wannan ma sai da izinin mai ita, saboda hujin allura yana zama.

Idan tela za ki kai wa, je da takalmin da kayan cikin, ki sa rigar a kama a jikinki maimakon ki ce a rage kaɗan. Faɗa masa ƙarara kada ya yanke rara, kuma ya dawo miki da duwatsun da ya cire. Ki kai da sauran sati 2 ko 3, don a sami damar gwaji na biyu, kuma idan bikin na bayan Salla ne, kai ta tun kafin goman ƙarshe na azumi, lokacin da ɗinkin Salla ke cika shaguna.